Man ƙyalle da wankin bututu a bindigar ɗuri ta baki

A harbin farko ƙwallon dalma yakan zurma cikin bututu da ɗan turi kaɗan. A na biyu sai an ƙara ƙarfi. Kafin a kai na biyar ko na shida, sandar ɗuri ta tsaya cak a tsakiyar hanya, maharbi yana dukanta da tafin hannu, dalmar ta ƙi gaba ta ƙi baya. Wanda bai san kan bindigar ba zai ɗora laifin a kan maƙeri ko a kan girman harsashi, alhali matsalar tana cikin abin da albarushi ya bari a jikin ƙarfe, da kuma man da aka shafa wa ƙyallen da ya naɗe dalmar.

Baƙin albarushi haɗin abu uku ne: gishirin fotasiyam naitret kashi 75 cikin ɗari, gawayi kashi 15, farar wuta kashi 10. Idan ya kama wuta, ƙasa da rabin nauyinsa ne ke zama iskar da take tura harsashi. Sauran, wajen kashi 55 cikin ɗari, toka ce da hayaƙi. Wani ɓangare ya fita ta baki, wani ya manne a bututu. A cikin tokar akwai fotasiyam kabonet, wanda ɗan'uwan ruwan tokar da ake tacewa a gidajenmu ne, akwai kuma gishirin farar wuta iri biyu. Halayenta biyu ne suka shafe mu. Na farko, tana zuƙar danshi daga iska, shi ya sa bindigar da aka harba da yamma aka jingine take wayar gari da jan tsatsa. Na biyu, ruwa yana narkar da ita. Duk abin da za a faɗa game da mai da wanki daga waɗannan halaye biyu ya taso.

Bindigar da ake magana a kanta ita ce wadda aka tsaga cikin bututunta da layuka masu murɗewa, kamar kunya da kwari a gona, don harsashi ya fita yana juyi. Maƙeran Jamus da suka yi ƙaura zuwa Fensilbeniya a ƙarni na 18 su ne suka tsawaita ta har ta zama doguwar bindigar da Amurkawa ke alfahari da ita, sojojin Ingila suka riƙe irin tasu mai suna Baker tun daga 1800, 'yan'uwan nan Hawken kuma suka yi suna da tasu a birnin Sen Luwis. Dukkansu da dunƙulen dalma naɗe cikin ƙyalle mai maiƙo ake ɗura su, kuma da yawa daga cikinsu an fafe musu ɗan akwati a jikin ƙota don ajiye ƙyalle da kitse. Har yau ana harbin gasa da su, musamman a garin Friendship na jihar Indiyana, inda ƙungiyar masu irin wannan bindiga da aka kafa a 1933 take taronta.

Bindigar toka ta mafarautanmu da ta dakarun fada masu harbi a hawan Sallah dangin wannan ce ta fuskar ɗuri, sai dai cikinta sumul yake, babu kunya babu kwari. Asalinta dogayen bindigogi ne masu ƙanƙara, wato dutsen da ke ƙyasta wuta, da fataken Turai, ciki har da na Denmak masu sansani a Osu cikin Akara, suka riƙa saukewa a gaɓar teku, daga baya maƙeran gida suka karɓi ƙirar. Lissafin kaurin ƙyalle bai shafe ta sosai ba. Maganar toka da wanki kuwa tata ce ɗari bisa ɗari.

Aikin ƙyalle

Ana zuba dalmar ta ɗan gaza faɗin bututu da gangan, ƙyalle ne ke cike ratar. A ɗauki bindiga mai faɗin rabin inci, wato milimita 12.7. Ƙwallon da aka saba sa mata inci 0.490 ne, nauyinsa wajen giram 11 da rabi. Idan zurfin kwarin tsagar inci 0.010 ne a kowane gefe, faɗin daga ƙasan kwari zuwa ƙasan kwari ya zama 0.520. Tsakanin dalma da ƙasan kwari ke nan akwai 0.030, a raba biyu ya ba da 0.015 a kowane gefe. To amma yadi yana lotsewa idan aka matse shi, don haka ƙyalle mai kaurin 0.018, wajen milimita 0.46, ya fi cika kwarin. Da ma'aunin kaurin ƙarfe na makanikai ake auna yadin, a matse shi sosai yayin awon, domin kaurinsa a matse shi ne na gaskiya.

Ƙyallen yana toshe iskar albarushi kada ta tsere ta gefe, yana kama tsagar ya juya dalmar, yana hana dalma gogar ƙarfe, sannan yana ɗauke da mai. Dole ya zama auduga zalla ko lilin, mai saƙa a matse. Yadin da aka haɗa da zaren roba narkewa yake ya bar wani abu kamar ƙaro a bututu, wanda ruwa ba ya fitarwa. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙona gefen yadin da ashana, auduga ta zama toka mai laushi, roba ta dunƙule ta yi ƙullutu mai tauri. Sabon yadi a wanke shi sau biyu don sitacin masaƙa ya fita, in ba haka ba ba zai sha mai ba.

Bayan harbi, ƙyallen yakan faɗi taku goma zuwa goma sha biyar a gaban bindiga, kuma wajibi ne a tsinto shi a duba. Mai lafiya yakan fito da baƙin da'ira a tsakiya inda wuta ta taɓa, da sawun kunya a kewaye, gefensa ya ɗan tsefe, amma idan aka ɗaga shi a rana ba a ganin huda. Wanda ya ƙone ya huje a tsakiya, ko dai ya yi sirara, ko man ya yi kaɗan, ko albarushin ya yi yawa. Wanda aka yanka da ƙananan tsaga a da'ira, kaifin bakin bututu ne ya yanka shi tun wajen ɗuri, ko kaifin kunya a sabuwar bindiga. Wanda ya yi kaca-kaca kuwa, a leƙa bututun da fitila, sau da yawa ramukan tsatsa ne suke cin sa. Babu man da zai gyara ƙyallen da ya huje, saboda haka daga nan ake farawa.

Abin da ake nema a wurin mai

Babban aikin man shi ne ya bar tokar harbin da ya wuce da laushi, yadda ƙyallen harbi na gaba zai share ta ya tura ta ƙasa. Idan man ya yi daidai, harbi na ashirin yakan shiga kusan kamar na biyu. Sulɓin da yake kawowa wajen ɗuri ƙari ne kawai, kuma idan ya yi yawa ma illa ne, domin dalmar da ta fara tafiya kafin albarushi ya gama kamawa ba ta fita da gudu iri ɗaya kowane harbi.

Ƙa'ida ta farko ita ce a nisanci man da aka samo daga fetur: man inji, baƙin mai, giris na mota, basilin. Idan wutar albarushi ta haɗa su da toka sai su zama kwalta mai tauri wadda ruwa ba ya narkarwa. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a inda man keke da man babur suka fi komai kusa da hannu. Man tsirrai da kitsen dabba su ne abokan tafiyar albarushi, kuma akwai dalili: tokar tana da kaifin kanwa, kitse da ruwan toka kuwa kowace mai haɗa sabulun gargajiya ta san abin da suke zama. Dattin yakan yi taushi kamar sabulu maimakon ya ƙanƙare.

Mafi arha shi ne yawu. A sa ƙyalle a baki ya jiƙe, a ɗura, a harba nan take. A filin gwaji yana aiki ƙwarai, don ruwa ne, ruwa kuwa shi ne maganin toka. Amma kada a kuskura a shiga daji da shi. Cikin awa ɗaya ko biyu ya bushe, kafin ya bushe ya jiƙa saman albarushi, kuma ya bar zoben tsatsa daidai inda dalmar ta zauna. Duk mai ruwa a ciki hukuncinsa ɗaya ke nan: na harbin nan take ne.

Wanda zai ɗura da asuba ya yini yana yawo, maiƙo yake bukata. Maharban Amurka na da sun yi amfani da man beyar, da kitsen barewa, da man kifin nan whale wanda aka hana cinikinsa a Amurka a farkon shekarun 1970. Na yanzu suna sayen na gwangwani irin su Bore Butter na kamfanin Thompson/Center, ko su haɗa da kansu. Haɗin gida da ya fi karɓuwa kakin zuma ne da man zaitun, ko kakin zuma da kitsen rago. Ana narka su a ƙaramin gwangwani da aka tsoma cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, a juya, a tsoma ƙyallayen, a matse su tsakanin katako biyu har rarar ta fita. Ƙyallen da ya yi daidai yakan yi duhu, ya bar ɗan ƙyalli a yatsa, amma ba ya ɗiga.

A nan ne girke-girken da ake kwafowa daga littattafan Turawa suke yaudarar mai zaune a ƙasa mai zafi. An tsara su ne don farautar kaka da hunturun Amurka, inda damuwar ita ce kada man ya daskare ya yi tauri. Shi ya sa za ka ga kaki kashi ɗaya, mai kashi huɗu ko biyar. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin inuwa ke haura digiri 40, bututun da rana ta daka kuma ya fi haka nesa ba kusa ba, wannan haɗin ruwa yake zama. Ya tsiyaya cikin albarushi, ya kashe na sama, harbin ya fito da rauni ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Kakin zuma sai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, kitsen rago a tsakanin 45 da 50, man kaɗanya kuwa tun da zafin jiki yake sakin kansa. Don haka a bazara kaki ɗaya da mai ɗaya, ko kaki ɗaya da kitse biyu, ya fi dacewa. Da sanyin hunturu a ƙara mai. Gwajin da ba ya ƙarya: a shafa ɗan haɗin a kan takarda a ajiye kan ƙarfe a rana tsawon awa ɗaya, idan tabon maiƙo ya bazu ya wuce faɗin kwabo, kakin ya yi kaɗan. Wanda zai daɗe da ɗuri yana iya raba albarushi da ƙyalle da wani busasshen ƙyalle ko faifan ulu. Maharban da can saƙar gidan rina suke turawa a tsakani don wannan dalili.

Kitsen da za a yi amfani da shi kada gishiri ya taɓa shi. A yanka na gefen ƙoda ƙanana, a dafa da ruwa a wuta marar ƙarfi, a tace da yadi, a bar shi ya kwana. Da safe a ɗauke farin faifan da ya taso, a kankare dattin ƙasansa, a sake dafawa da sabon ruwa sau ɗaya. Man shanun kanti da ragowar man suya galibi suna da gishiri, gishiri kuwa a cikin bututu sai tsatsa. Manja ba abin so ba ne, tsaminsa yana ƙaruwa da daɗewa. Man gyaɗa zai yi a rana ɗaya, amma idan ya kwana biyu yakan yi ɗanko ya yi wari. Ƙyallen da aka shafa wa kowane irin mai ma ba ya son ajiya mai tsawo: bayan wasu watanni zaren yakan ruɓe, ya yage da ɗan ja. A shafa na mako biyu ko wata ɗaya kawai.

Akwai hanya ta uku da masu gasa suke so, wadda wani maharbi Ba'amurke mai suna Dutch Schoultz ya yaɗa. Ana haɗa man da yake gauraya da ruwa, irin Ballistol da aka ƙirƙiro a Jamus a 1904, kashi ɗaya da ruwa kashi shida ko bakwai. A jiƙa dogon yankin yadi a ciki, a shimfiɗa shi kwance ya bushe. Ruwan ya tafi, ɗan mai kaɗan ya rage a ko'ina daidai wa daida. Idan aka rataye shi, man gangarowa yake ƙasa, gefe ɗaya ya fi ɗaya, amfanin ya tafi. Ballistol yana da farin man ma'adini a ciki, amma an haɗa shi yadda ruwa zai ɗauke shi, shi ya sa bai shiga sahun man inji ba. Wannan busasshen ƙyalle yana tara harsasai wuri ɗaya ƙwarai, sai dai ba ya tausasa toka, don haka dole a share bututu bayan kowane harbi.

Yanayi ma yana da ta cewa a kan tokar kanta. Da hunturu, lokacin da danshin iska a Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, tokar takan bushe fari fat ta yi tauri kamar siminti cikin minti kaɗan, sai a nemi ƙyalle mai jiƙa sosai. A watan Agusta kuwa takan zuƙi ruwa ta zama baƙin kunu, ɗuri ya yi sauƙi, amma kunun ya gangara ya toshe hanyar wuta. Man da ya yi wa mutum aiki a Disamba ba lalle ya yi masa a damina ba. Wanda yake son gano nasa, ya tsayar da awon albarushi, misali giren 70 na awo, wajen giram huɗu da rabi, a bindigar rabin inci in dai maƙerinta ya yarda da hakan, ya tsayar da dalma da yadi, ya canza mai kaɗai, ya yi harbi biyar biyar a nisan mita 50, bindigar na ɗore a kan matashi. Canza abu biyu a lokaci guda ɓarnar albarushi ce.

Sharar tsakanin harbi tana da nata tarko. Ƙyallen ya zama mai ɗan danshi, a tura shi sau ɗaya zuwa ƙasa a jawo, a bi da busasshe. Idan kan sandar gogewa ya cika matsewa, tura tokar yake ya tara ta a gindi, bayan harbi goma bindiga ta fara ƙin tashi. Kan da ya dace yakan wuce toka a saukarsa, ƙyallen ya tattare ya kwaso ta a hawansa. Sharar tana kuma kashe duk wani garwashi da ya maƙale. Ko da an share, ba a zuba albarushi daga gora kai tsaye, a mudun awo ake zubawa tukuna, kuma fuska ba ta leƙa baki. Dalmar da toka ta tsayar a rabin hanya haramun ne a harba ta a haka. Ratar iska tsakanin albarushi da dalma tana kumbura bututu ko ta fasa shi. A zuba ɗan ruwa ta baki, a jira minti biyu, a tura ta ta zauna, sannan a ciro ɗurin. Saboda haka ake yi wa sandar ɗuri zane biyu, ɗaya na bututu wayam, ɗaya na cikakken ɗuri.

Wanki

A ranar da aka yi harbi ake wanki, ko harbi ɗaya ne. Kafin komai a zura sanda a duba zanen, a tabbata babu ɗuri, babu hular wuta (ɗan ƙoƙon da ke fashewa ya kunna albarushi) a kan hancin da ke gindin bututu, a bindiga mai ƙanƙara kuma babu albarushi a kaskon da ke gefen kafar wuta.

Idan bindigar irin wadda bututunta ke fita ne da zare ƙusa ɗaya mai faɗi, aikin ya zo da sauƙi. A cire bututun, a kwance ɗan hancin da ake ɗora wa hula, a tsoma gindin cikin bokiti mai ruwa kamar lita biyu da ɗigo biyu uku na sabulun wanke kwanuka. A sa jiƙaƙƙen ƙyalle a kan sanda, a tura ƙasa a jawo sama. Ƙyallen yakan zama kamar fanfo, ya zuƙo ruwa ta kafar wuta ya cika bututu, ya fesar da shi da ƙarfi idan an tura. Ruwan zai yi baƙi ƙirin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi, wannan farar wuta ce, shi ya sa a tsakar gida ake yin aikin ba a ɗaki ba. Bayan turi ashirin a zubar, a sake sabon ruwa marar sabulu, a ci gaba har ya fito garau.

Ana jayayya kan zafin ruwan. Tsofaffin littattafai sun ce tafasasshe, don ƙarfen ya ɗauki zafi ya busar da kansa. Gaskiya ne yana busarwa, amma yana kuma jawo tsatsar nan take: kafin ka juya ka ɗauki ƙyalle, cikin bututu ya yi ja. Ruwa mai ɗumi ko na randa yana narkar da gishirin daidai da mai zafi, ba tare da wannan ba. A ƙasar da rana ke busar da wanki cikin awa ɗaya, tafasa ruwa wahala ce marar riba.

Doguwar bindigar da aka kafe bututunta a katako da ƙananan ƙusoshi, ciki har da yawancin bindigogin toka, ba a cika cire ta ba, don yawan cirewa yana faɗaɗa ramukan katakon. A cire makamar wuta, wato ƙarafan gefe da ke tayar da harbi, a toshe kafar wuta da tsinken sakace, a zuba ruwa kamar rubu'in kofi ta baki, a toshe bakin da babban yatsa, a karkata sama da ƙasa sau goma, a zubar. A maimaita sau huɗu ko biyar. Sannan a kwantar da bindigar yadda kafar za ta kalli ƙasa, a zare tsinken, a bi da jiƙaƙƙun ƙyallaye, ruwan ya fita ba tare da ya shiga ƙarƙashin bututu ba. Ruwan da ya ɓuya tsakanin ƙarfe da katako yana cin bindiga daga inda ido ba ya gani.

Gindin bututu shi ne wurin da aka fi bari da datti. Bindigogi da yawa na zamani suna da ɗan ƙuntataccen ɗaki a can ƙasa wanda kan sanda ba ya shiga. Toka da mai sukan taru a ciki su zama dutse, ranar da aka fi bukatar bindigar hula ta fashe albarushi bai kama ba. A sa ƙaramin burushi na ƙaramar bindiga, a naɗa masa ƙyalle, a murza a ciki. Mai gindi shimfiɗaɗɗe kuma akwai makankari na tagulla da ake ɗaura wa sanda. Babban burushin waya kuwa a yi hattara da shi: bututun nan ba shi da mafita ta baya, gashin burushin idan ya kwanta a saukarsa yakan ƙi juyowa. Idan ya maƙale, a murɗa sandar ta hannun dama yayin ja, don kada kan ya kwance ya zauna a ciki. Ƙyallen da ya maƙale kuma ruwa ake zuba masa, a ba shi minti kaɗan.

Daga nan sai busarwa, da busassun ƙyallaye huɗu ko biyar har na ƙarshe ya fito ba danshi. Ɗan sifirit na asibiti a kan ƙyalle yana kwashe ragowar ruwan da ya ɓuya a lungu. Sai a shafa man kariya. A nan dokar hana man fetur ta sassauta: man bindiga na kanti ya fi kitse da man zaitun kare ƙarfe daga tsatsa, da sharaɗin a goge shi tas kafin ɗuri na gaba. Akwai masu cewa bututu yana ƙosawa da maiƙo kamar kaskon tuya, don haka kada sabulu ya taɓa shi. Wannan magana ba ta da tushe a ƙarfen bindiga. Abin da suke kira ƙosawa tarin ƙonannen mai ne da ke cike kwarin tsaga, tsatsa kuma tana aikinta a ƙarƙashinsa.

Hancin hula a jiƙa shi, a zura masa siririyar waya, a ɗaga a ga haske, a shafa wa zarensa ɗan maiƙo kafin a mayar, a ɗaure da sauƙi. Makamar wuta a wanke ta da tsohon burushin haƙori, a busar, a ɗiga mai a gaɓoɓinta, ban da fuskar ƙarfen da ƙanƙara ke kartawa. Sandar katako tana kwasar yashi, yashi kuwa yana cin bakin bututu, wurin da ya fi ko'ina tasiri a kan saiti, don haka wanki da sandar ƙarfe mai zoben tagulla a baki ya fi. A jingine bindigar baki ƙasa na kwana ɗaya ko biyu don rarar mai ta gangaro waje maimakon ta taru a gindi ko ta jiƙa ƙota. Washegari a sake zura farin ƙyalle, haka ma a rana ta uku. Idan ya fito da ja, akwai gishirin da ya rage, a koma kan ruwa.

Masu amfani da madadin albarushi kada su ɗauka sun huta. Pyrodex, wanda ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1970, yana da sinadarin fakuloret da ke barin gishiri mai cin ƙarfe fiye da na baƙin albarushi, ga shi dattinsa ba ya nuna kansa sosai. Triple Seven yakan bar zobe mai tauri daidai inda harsashi ke zama. Dukansu ruwa suke so. Garin harsashin zamani marar hayaƙi kuwa, ko tsunkule ɗaya ba ya shiga bindigar ɗuri ta baki, fasa ta yake.

Bindigar hawan Sallah ta fi kowacce bukatar wannan kulawa. Ana cika ta da albarushi, a toshe da busasshen tsumma ko takarda, babu maiƙon da zai tausasa komai, a yi ta harbi kwana uku ko huɗu, sannan a ajiye ta har wata Sallar. Idan ba a wanke ba, tokar takan yi watanni tana shan danshin damina a gindin bututu, daidai inda ƙarfin fashewa ya fi yawa, a ƙarfen da sau da yawa dama ba shi da kauri. Kafin a sake ɗura irin wannan, a leƙa da fitila, kuma wadda aka ga ramuka a gindinta a kai wa maƙeri.

Ranar da za a koma harbi, a share man ajiya da busassun ƙyallaye biyu da ɗaya mai sifirit. A bindiga mai hula, a tabbatar da sanda cewa wayam take, a fasa hula biyu ko uku, baki na kallon ƙasa kusa da busasshen ganye. Idan ganyen ya motsa, hanyar wuta a buɗe take, sai a auna albarushi.